Sawun Dogo a Kan Kafet

A layin nan ba wanda ke kiranta da sunanta. Injiniya ake ce mata, kuma mijinta ne ya laƙaba mata, ranar da ya dawo daga aiki ya tarar da ita zaune dirshan a tsakiyar ɗaki, ta kwance injin shara ɗaiɗai, tana zaro gashi daga cikin buroshinsa da tsinke. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Maƙwabciya ta ji, shi ke nan suna ya bi ta, har jikokin maƙwabta ma da shi suka tashi.

Aikinta sharar kafet ne a gidajen mutane, kuma iyakarsa ke nan. Ba ta wanke-wanke, ba ta guga, ba ta riƙon yara. In matar gida ta ce ta ɗan haɗa mata da goge taga, sai ta yi mata kallo ɗaya ta ci gaba da naɗe wayar injinta. Ta koyi aikin ne tun tana budurwa a wani otal. Da otal ɗin ya rufe, ta sayi ɗaya daga cikin tsofaffin injinansa, ta shiga bin gidaje. Injin nan jan ƙarfe ne mai nauyi, yana da dogon tiyo da jakar yadi a ciki inda ƙura ke taruwa, ƙararsa kuwa in ya tashi sai ka ɗaga murya kafin a ji ka.

Mutane suna ganin sharar kafet wasan yara ne: ka jona waya, ka tura gaba, ka ja baya, ka kashe. To, a shimfiɗar da ba ta da gashi wataƙila. Amma kafet mai kauri, mai tudu da kwari, irin wanda ƙafa ke nutsewa a cikinsa, wannan ba ya son gaggawa, kuma Injiniya ba ta taɓa yafe wa mai yi masa gaggawa ba. Da farko sai ta durƙusa ta shafa shi da tafin hannu, ta gano inda gashinsa ya kwanta. Sai ta ɗaga bakin injin kaɗan don kada ya maƙale, ta kashe buroshi mai juyawa, don shi ke tsinka zare ya bar kafet kamar kan da ba a taje ba. Sannan ta tura a hankali, ta saɓa wa kwanciyar gashin, ta gama ɗakin gaba ɗaya, ta dawo ta sake bi a gicciye. Ƙurar da ke cikin kwari, in ji ta, ba ta fitowa a zagaye na farko. Ramin da ƙafar kujera ta bari kuwa, tururin ruwan zafi take ba shi, ta taje shi da cokali mai yatsu har ya tashi.

Ƙarshen aikin shi ne abin da ake ba da labarinta a kai. Daga can ƙuryar ɗaki take farawa, tana ja da baya, tana ja da baya, har ta fita ta ƙofa, ta bar kafet ba sawu ko ɗaya, har nata. Mijinta yakan ce ita kaɗai ce matar da ya sani mai fita daga gidan mutane da baya kamar wadda ta ɗauko wani abu.

Mijin nan Dogo ake ce masa, direban bas ne, mutum mai surutu da son tsokana. Ita ba ta da yawan magana, shi kuwa yana da ta mutum biyu, don haka gidan bai taɓa yin shiru ba. 'Ya'yansu duk sun girma sun watse. Autarsu ce kawai ke yawan leƙowa, ita ma aikin asibiti ya kai ta wani gari.

Kafet ɗin da ke falonsu kyauta ce. Wata mata da Injiniya ta daɗe tana yi wa aiki za ta tashi daga gari, ta ce ba wanda ya san darajar wannan kafet kamarta, ta ɗauka. Ruwan toka ne mai haske, gashinsa dogo, an saƙa shi layi-layi, wani ya tashi wani ya kwanta. Ya fi ƙarfin falon, sai da aka naɗe gefe ɗaya aka tura ƙarƙashin kabad. Dogo ya cire takalmi ya taka, ya ce yau dai ya san ya auri Injiniya.

Bayan 'yan shekaru ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya yi kwanciyar asibiti, ya dawo gida da baki a ɗan karkace, hannun hagu ba ƙarfi, ƙafar hagu sai ja. Aka ba shi sanda mai ƙafa huɗu. Ƙafar nan tasa kullum a sanyaye take kamar an tsamo ta daga randa, shi ya sa Injiniya ta samo masa safa mai kauri, shuɗiya, wadda ke zubar da gashi duk inda ta bi. Ta sha cewa za ta jefar da ita ta sayo wata, shi kuma ya ce a bar masa abarsa.

Tafiyarsa ta duniya ta koma guda ɗaya: daga ƙofar ɗakin kwana zuwa kujerar da ke bakin taga, inda rediyonsa yake, inda yake hango titi yana zagin tuƙin direbobi. Jikin bango yake bi, don in ya yi tangaɗi ya jingina. Ya kafa sanda, ya taka da dama, ya ja hagu. A kan kafet mai gashi komai sai ya fito: ramuka huɗu na sanda, sawun ƙafa ɗaya, sai dogon layi na ƙafar da aka ja, da burbushin shuɗin zare a cikinsa. Da yamma, in ta dawo daga gidajen mutane ta mayar da shi ɗaki, sai ta jona injinta ta share komai. Da safe ya sake zanawa.

"Na ɓata miki aiki, Injiniya," yakan ce, da bakin nan nasa da ba ya fita sosai.

"Ɓata mana. Ai aikin da na ɗauke ka ke nan."

"To a ƙara min albashi."

Haka suka yi shekaru, shi yana ɓatawa, ita tana gyarawa, kuma ba ta taɓa gajiya da wannan sharar ba.

Safiyar da ya rasu tana kicin tana dafa ruwan shayi. Ta ji saukar sanda, ta ji jan ƙafa, ta ji kujera ta yi ƙara da ya zauna. Tana jiran ta ji rediyo, ba ta ji ba. Ta zuba ruwan a kofi, ta sa sukari, ta juya, har yanzu shiru. Da ta fito ta same shi a zaune, kansa ya jingina da labule, hannunsa na dama a kan rediyon. Ta ajiye kofin a kan tebur a hankali don kada ya zube.

Maƙwabtan da suka zo ɗaukarsa ta ƙofar waje suka shigo, ta ɗaya ɓangaren, don haka ba wanda ya bi ta jikin bango. Sai da aka fita da shi idonta ya sauka a wurin. Jiya da yamma ta share kafet ɗin tas, saboda haka tafiya ɗaya ce kawai a kansa, ta zuwa. Ba ta tsaya tunani ba. Ta jawo kujerun falon ɗaya bayan ɗaya ta jera su, bayansu na kallon bango, ta bar wannan siririn fili a tsakaninsu da bangon. Masu zuwa gaisuwa suka ɗauka wurin zama ta gyara musu, har wata tana yaba mata da ƙarfin hali.

Ba ƙarfin hali ba ne, wallahi. Ba ta jin komai ne kawai. Ana kuka a gabanta tana kallon ƙafafun mutane, wa ya matsa kusa da kujerun, ɗan wa ke rarrafe zai shige ƙarƙashi. Ana ce mata sai haƙuri, tana cewa haƙuri ya zama dole, kamar mai amsa gaisuwar safe. Ita kanta ta yi mamakin kanta. Ta jira kukan ya zo, bai zo ba, sai ta daina jira.

Mutane suka watse, 'ya'ya suka koma wuraren aikinsu, ita ma daga baya ta koma nata. Hannunta bai manta komai ba: ta shafa, ta ɗaga bakin inji, ta bi, ta gicciya, ta fita da baya. Matan gidajen suka ce aikinta ma ya fi da kyau. Tana cin abinci in ta tuna, tana kwanciya in jiki ya gaji. Abu ɗaya ta daina, sharar falonta. In ta dawo daga aiki, tsohon injin yakan koma bayan ƙofa da wayarsa a naɗe, sandar Dogo na tsaye kusa da shi. Kullum da safe kafin ta fita takan tsaya a bayan kujerar ƙarshe ta leƙa. Ramukan suna nan, layin yana nan, shuɗin zaren yana nan. Ƙura ta fara hawa kansu, ta san kuma gashin kafet yana tashi da kansa sannu a hankali, ramukan farko ma sun fara cikewa. Tana dubawa ne kamar yadda ake duba tukunya a kan wuta, in ta ga suna nan sai ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Ita dai Auta a gindin injin nan ta girma. Tun tana 'yar makaranta uwar ke tafiya da ita gidajen aiki a ranakun hutu, tana riƙe mata waya, har ta kai ana ba ta ɗaki guda ta yi. Duk cikin 'ya'yan ita ce ta ɗauko hannun uwar, ba ta gaggawa, ba ta tsallake kusurwa. Laifinta ɗaya, kuma an yi faɗa a kansa har an gaji: in ta gama ba ta zazzage jakar ƙura. Sai ta naɗe waya ta jingine inji ta kama gabanta. Injiniya ta sha ce mata wanda bai zubar da jaka ba bai yi shara ba, ya dai canza wa datti ɗaki ne. Auta ta ce to, gobe ma ta manta. Dogo kuwa yana daga gefe yana zuga, wai a bar yarinya, ajiya take yi.

Da Auta ta samu hutu ta zo, abin da ta gani ya tsorata ta. Uwar ta rame, wannan ta yi tsammaninsa. Falon ne ba ta yi tsammani ba. Kujeru a jere kamar ɗakin jiran likita, ƙura a gefen kabad, kafet ya dushe, a gidan matar da ba ta iya ganin zare ɗaya a ƙasa ta wuce. A asibiti Auta ta ga mutanen da suka saki rayuwa, ta san da irin wannan ake farawa.

"Umma, a mayar da kujerun nan mana," ta ce.

"Bar su."

"Ai baƙi sun daina zuwa."

"Na ce ki bar su, Auta. Kin ci abinci?"

Auta ta ƙudurta a ranta sai ta gyara falon nan. Washegari uwar tana da aiki a wani babban gida da ke da nasu injin, don haka ta fita da jakar hannu kawai. Ta so ta leƙa bayan kujera kafin ta fita, sai ta ga Auta na zaune a falon tana shan shayi, ta ji nauyin a gan ta tana leƙen bango. Ta wuce.

Da ta dawo da yamma, tun daga matakala ta ji warin. Duk mai wannan sana'a ya san shi, warin injin da ya yi aiki ya ɗau zafi, da na kafet da aka ba tururi. Ƙafarta ba ta tsaya ba, ba ta kuma ƙara sauri ba. Ta hau kamar kullum, ta tura ƙofa.

Kujeru sun koma inda suke tun da can. Taga a buɗe, labule a wanke. Kafet ɗin ya tashi gaba ɗaya, tudunsa da kwarinsa sun fito kamar ranar da aka kawo shi, tun daga bakin taga har ƙofar ɗakin kwana. Babu sawu ko ɗaya a kansa. Auta na tsaye a bakin kicin a kan siminti, ta ɗaure zani a ƙirji, gumi na bin wuyanta, injin na gefenta. Da gani da baya ta fito.

"Kada ki taka tukuna, Umma," ta ce tana murmushi. "Ki duba min aikina."

Injiniya ta ajiye jaka. Ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin kafet, ta shafa shi da tafin hannu, gaba da baya. Ta buɗa gashin da yatsu ta duba gindinsa. Ba ƙura.

"Kin kashe buroshi?"

"Na kashe."

"Kin bi a gicciye?"

"Na bi, har sau biyu." Auta ta goge goshi da bayan hannu. "Jikin bangon can ne ya ba ni wahala. Gashin ya kwanta, wani dogon layi tun daga ƙofar ɗaki, ga wasu ramuka. Inji ya ƙi tayar da su, sai da na dafa ruwa na ba su tururi, na bi su ɗaya bayan ɗaya da cokali yadda kika koya min. Ban san wace kujera ce mai ƙananan ƙafafu haka ba, huɗu-huɗu, a jere har bakin..."

Idonta ya tafi bayan ƙofa, inda sandar take tsaye a kan ƙafafunta huɗu. Ta dubi bangon, ta dubi kujerar bakin taga, ta dubi uwarta da ke durƙushe. Hannunta ya hau bakinta.

"Umma."

"Aikin ya yi kyau," in ji Injiniya. Muryarta ba ta canza ba. "Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

"Umma, don Allah, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In ce miki me? In ce ki bar min datti?"

Auta ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka, tana cewa ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba, ita so take uwar ta dawo ta ga gidanta kamar da. Injiniya tana kallonta. Ta san ya kamata ta tashi ta rungume 'yarta, ta san yarinyar ba ta yi laifin komai ba, duk abin da ta yi ita ta koya mata da hannunta. Amma ta laluba cikin ƙirjinta ba ta samu komai ba, ko fushi ma babu. Ta dubi jikin bangon sau ɗaya, wurin ya yi lif kamar ba wanda ya taɓa bi ta nan.

Auta ta miƙe, don ta rasa inda za ta sa kanta. Ta kama hannun injin ta fara jansa. "Bari in kawar da shi daga nan. In je in zazzage jakar."

Injiniya ta ɗago kai. "Ba ki zubar ba?"

"Na manta, Umma. Yi haƙuri, yanzu zan..."

"Kawo shi nan."

Auta ta turo mata. Injiniya ta zauna sosai a kan siminti, ta ɓalle murfin, ta zaro jakar yadin da hannu biyu, a hankali, don kada ta girgiza. Ta cika tim. Ta buɗe bakinta kaɗan ta leƙa. Ƙura ce ruwan toka, ta dunƙule kamar auduga, da 'yan gajerun gashi farare a ciki. A can sama, inda sharar ƙarshe ta sauka, shuɗin zare ne ya naɗe da juna.

Ta rufe bakin jakar ta ɗora ta a kan cinyarta. Injin bai daɗe da kashewa ba, jakar tana da sauran ɗumi, ɗumin ya ratsa zaninta ya taɓa fatarta. Shekara da shekaru tana murza ƙafar Dogo ta hagu da hannu biyu, tana sa mata safa, tana naɗe ta da bargo, ba ta taɓa jin ta yi ɗumi haka ba.

"Umma, ki ba ni in kai bola," in ji Auta a hankali.

Injiniya ta girgiza kai. Ta buɗe baki za ta ce a bar ta, sai muryar ta ƙi fita, wani irin kuka ya fito a madadinta, mai ƙara, wanda ita ma ba ta san shi ba. Ta ƙanƙame jakar a ƙirji, ƙura na fita ta jikin yadin tana sauka a kan rigarta da gefen kafet ɗin da aka gama sharewa. Auta ta zo ta zauna kusa da ita, ta sa hannu ta tallafe gindin jakar don kada ta zube.